Garin da ya gina wa beyar gidan yari

A gaɓar tekun Hudson, can arewacin lardin Manitoba na Kanada, akwai wani ɗan gari mai suna Churchill. Mutanensa ba su kai dubu ba, titin mota ma bai isa can ba, sai jirgin ƙasa ko na sama. Ga shi garin ya tare hanyar farin beyar, ƙaton naman dajin nan na yankin ƙanƙara da namijinsa kan haura kilo 400.

Daga Oktoba zuwa Nuwamba dabbobin sukan taru a bakin teku, suna jiran ruwa ya daskare su hau farautar sil, dabbar ruwa mai kitse wadda ita ce cimarsu. Rabonsu da abincin kirki tun wajen Yuli da ƙanƙara ta narke. Mai irin wannan yunwa kuwa, warin bola kaɗai ya isa ya kawo shi ƙofar gida.

Da can bindiga ce magani. A 1969 gwamnatin lardin ta kafa shirin kula da lamarin, sannu a hankali aka koma kora maimakon kisa. Wanda ya hangi beyar sai ya buga layin gaggawa, ko da tsakar dare ne, jami'ai su zo su fatattake shi da harsashi mai ƙara. Mai taurin kai a kama shi da tarko, a kulle shi a wani gini mai ɗaki 28 da mutanen gari ke kira gidan yarin beyar. Yakan yi har kwana 30 a ciki, ruwa kawai ake ba shi. Abin kamar mugunta, amma a nan hikimar take: dabbar ta saba da dogon azumi, kuma duk ranar da ta ci a hannun mutum, to ta gane hanya. Dalilin ke nan ma da aka rufe bolar garin a 2005. In wa'adi ya cika, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa nesa, ko a sake shi kan ƙanƙara in ta kama.

Mazauna ma suna da nasu rabon aikin. Da yawa ba sa kulle motocinsu, don wanda ya yi kiciɓis da beyar ya samu wurin fakewa. Tun 1983 beyar bai sake kashe mutum a garin ba, ko da yake ya raunata biyu a 2013.

Sai dai ɗumamar yanayi tana tsawaita watannin yunwar, aikin jami'an yana ƙaruwa. Ƙidayar 2016 ta kiyasta beyar 842 a yammacin tekun, ta 2021 kuwa 618.