Daiman na ɗakin gwaji: duba lambarsa a waya kafin ka biya

Da ido kaɗai ba a iya bambanta daiman da aka haƙo daga ƙasa da wanda aka haɗa a ɗakin gwaji, domin duk sinadarin kabon ne. Amma na ɗakin gwaji ya fi araha nesa ba kusa ba, shi ya sa mai sayen zobe ta intanet, idan babu takardar shaida, zai iya biyan kuɗin na haƙa a miƙa masa na haɗi.

Cibiyar GIA ta Amurka ce ta fito da ma'aunai 4: nauyi, launi, tsabta da kyawun yanka. Karat 1 giram 0.2 ne, launi kuma daga D, wanda ya fi haske, har zuwa Z. Cibiyar IGI da aka kafa a Antwerp ta Beljiyam a 1975 tana auna na ɗakin gwaji da waɗannan ma'aunai. GIA kuwa a 2025 ta rage nata zuwa aji biyu, Premium da Standard.

Ana zana lambar takardar a gefen dutsen da hasken leza, sai da madubin ƙara girma ake ganinta. Ka shigar da lambar a shafin cibiyar da ta ba da takardar. Idan nauyi ko asalin dutsen bai yi daidai da abin da mai sayarwa ya faɗa ba, kada ka tura kuɗinka.