Gidan Rukuni a Libreville da Yadda Mai Shi Ke Ba Shi Kama

Duk wanda ya ratsa rukunin gidajen da kamfanin gidaje na gwamnatin Gabon, wato SNI, ya gina a Owendo ko a Likouala, ko kuwa ya nufi sababbin gine-ginen Angondjé da ke arewacin Libreville, zai fahimci cewa waɗanda suka zana su sun yi musu awo ɗaya da fuska ɗaya, domin da haka ne ake iya tsayar da gidaje masu yawa a kan kuɗi kaɗan. Amma idan ya dubi tsofaffin rukunan, waɗanda shekaru suka shuɗe a kansu, da ƙyar zai tarar da gida biyu da suka wanzu a kan surarsu ta asali, domin kowane mai gida ya yi wa nasa gyara. Wannan ɗabi'a ce ta ɗan Adam ko'ina yake. A garin Pessac na ƙasar Faransa, gidaje kimanin 50 da mashahurin mai zanen gini Le Corbusier ya kammala wa ma'aikata a 1926, daga baya mazaunansu suka ɗora musu rufi mai gangara, suka ƙuntata tagoginsu, suka sauya musu fenti.

Bahaushen Gabon, wanda kakanninsa suka shigo ta Kamaru da fatauci suka zauna a Bitam da Oyem da Minvoul kafin zuriyarsu ta gangaro babban birni, idan ya karɓi mabuɗin irin wannan gida, abin da ke fara damunsa shi ne sutura, domin gidan da ƙofarsa ke buɗewa kai tsaye cikin falo, har baƙo ya hango mata suna girki, bai dace da tarbiyyar wanda ya tashi a gida mai zaure ba. Saboda haka a ganina gyara na farko, kuma mafi daraja, shi ne a kewaye barandar gaba a mayar da ita zaure, a karkatar da ƙofar ciki yadda ido ba zai miƙe ba, a yi wurin alwala a gefe, sa'an nan a keɓe bayan gida ya zama tsakar gida inda za a yi girki da shanya. Gidan da aka yi wa haka ya riga ya fita daban da maƙwabtansa tun ba a shafa masa fenti ba.

Sai dai wajibi ne a tuna cewa Libreville ba Kano ba ce. Ruwan da ke sauka a nan a shekara ya kusa mita 3, wajen ninki uku na abin da Kano ke samu, kuma ba ya ɗaukewa sosai sai daga Yuni zuwa Satumba. Iskar teku kuwa tana cin ƙarfe, laima tana baƙanta bango. Wanda begen gida ya sa shi kwaikwayon rufin soro, yoyo zai yi ta fama da shi. Abin da ya fi maslaha shi ne a tsawaita bakin kwano ya kare bango, a yi ƙyaure da katakon iroko ko padouk masu jure ruwa, tunda okoumé, duk da shahararsa, ba ya jure zama a waje. Zankwaye da zanen dagi, idan ana sha'awarsu, a yi su da siminti a kan ƙofar shiga kaɗai, kamar yadda magina suke ƙawata fuskar zaure a Zariya, a dasa atanga ko mangwaro domin inuwa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda masu gyara suka fi sakaci da shi, alhali malaman Malikiyya sun yi bayaninsa filla-filla. Ibnur Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen gini cikin littafi guda, inda ya kawo hana buɗe tagar da ke leƙa cikin gidan wani, da hana sakin ruwan indararo a kan bangon maƙwabci. A rukunin da taku kaɗan ke raba gida da gida, wanda ya ɗora bene ya tsinkayi iyalin na kusa da shi, ko ya shimfiɗe filinsa duka da siminti har ambaliya ta koma wa na ƙasa da shi, ya ƙawata gidansa da cutar da wani. Don haka kafin a kira birkila, a nemi izinin hukumar gari, a tabbata sharuɗɗan sayen gidan sun yarda da ƙari, a kuma zauna da maƙwabci a nuna masa inda taga za ta fuskanta da inda ruwa zai bi.