Amsoshin Wasiƙunku: Tsohuwar Land Rover Ta Gado, A Gyara Ko A Sayar Wa 'Yan Gwangwan?

Kamar yadda muka saba, ga amsar da muka bayar a rediyo mun kawo muku ita a rubuce, domin wanda bai samu ji ba, da kuma wanda ya ji amma yana son ya adana lambobin da muka ambata.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a ƙasar Kurfi. Ya ce mahaifinsu, Allah Ya jiƙansa, ya rasu ya bar musu tsohuwar Land Rover, shekara da shekaru tana ajiye a bayan gida har kaji suna ƙwai a cikinta. 'Yan gwangwan sun zo sun taya. Shi kuwa so yake ya tashe ta ya riƙa kai buhuna kasuwar Dutsin-Ma da ta Charanci, ko da za ta kai shi ga sayar da shanun huɗarsa. Wani ƙanensa kuma ya ce kada a taɓa ta, don ya gani a waya Turawa na sayen tsofaffin motocin Ingila da kuɗi masu yawa. Ya ce mu ba shi shawara.

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Abu na farko, mota dukiyar gado ce. Kada ka sa ko kwabo a cikinta sai an yi mata kuɗi a gaban magada, an san hannun wanda ta faɗa. In ka gyara tukuna, ranar da ta tashi kowa zai tuna yana da rabo.

Yanzu bari mu san motar kanta. Kamfanin Rover ne ya fara nuna Land Rover a birnin Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948, kuma a garin Solihull na Ingila aka riƙa ƙera ta. A lokacin ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, ƙarfe ya yi wuya, shi ya sa aka yi bodinta da sanholo. Wannan sanholon ne 'yan gwangwan ke hange, domin masu zubin tukwane na sayensa. Tun zamanin En'e ma'aikatan gona da na dabbobi ke ratsa ƙauyukanmu da ita, daga baya kuma aka riƙa harhaɗa ta a kamfanin Leyland da ke Ibadan.

Kana iya gane shekarunta da ido. In fitilun gaba suna can ciki, kusa da lagireto, to an yi ta ne kafin 1970. In ragar gabanta ta roba ce, agogunan kuma suna gaban direba, to ita ce ake kira Series III, wadda aka yi daga 1971 zuwa 1985. In sitiyarinta na hannun dama ne, akwai alamar ta shigo kafin ranar 2 ga Afrilu, 1972, ranar da Nijeriya ta koma tuƙi a gefen dama na hanya. Irin wannan sai an mayar da sitiyarin hagu kafin a hau titi da ita, ka sa wannan ma cikin lissafi.

Maganar ƙanenka kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. A Ingila akwai masu sha'awar tsofaffin motoci, musamman 'yan ƙananan nan masu gudu masu kujera biyu, irin su MG B, wadda aka ƙera fiye da 500,000 a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, da Triumph Spitfire, da Jaguar E-Type da ta fito a 1961. Tsohuwar Land Rover ma tana cikin waɗanda suke nema. Har gwamnatinsu ta yafe wa motar da ta haura shekara 40 harajin hanya. Amma abin da suke biya wa kuɗi shi ne mota mai injinta na asali, da lambar sasinta, da takardunta, wadda tsatsa ba ta cinye ba. Saboda haka ka nemi takardun a adakar marigayi, ka kuma duba lambar sasi, tana jikin wani ɗan faranti a cikin mota, an kuma buga ta a ƙarfen da ke riƙe sifirin na gaba ta hannun dama. Duk wanda ya kira ka a waya ya ce ka fara tura kuɗi zai haɗa ka da Bature mai saye, ɗan damfara ne.

Waɗancan motoci masu gudu ba za su iya burjinmu ba, cikinsu a ƙasa yake. Amma wayarinsu da na Land Rover kusan duk na kamfanin Lucas ne, ciwonsu ɗaya, maganinsu ɗaya. Kuma masu gyaransu a can sun yarda da ƙa'ida guda, wadda ita ce zuciyar amsarmu ta yau: a fara daga ƙasa a yi sama. Sasi tukuna, sai birki, sai inji, fenti shi ne na ƙarshe. Mu nan sau da yawa mukan juya abin, mu kashe kuɗi a inji da fenti, sai an ɗora buhu goma a ji motar ta karye a tsakiya.

Sasi. Bodi ba ya tsatsa, amma sasin da ke ɗauke da shi baƙin ƙarfe ne, haka ma bangon da ke tsakanin inji da direba. Ka sami ƙaramar guduma ka shiga ƙarƙashi, bayan ka duba babu maciji ko kunama. Ka bi sasin kana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har baya. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangaran, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji bus, garin tsatsa na zubowa. Ka fi sa ido a ƙarfen da ya gitta can baya, da kunnuwan da ke riƙe sifirin, da wurin taka ƙafa, da gindin ƙofofi. Bushewar ƙasarmu na taimakon ƙarfe, amma lakar damina da ta maƙale a ciki, da takin zamani da aka yi ta ɗauka yana zuba, suna cin sa. Rami ɗaya ko biyu mai walda zai toshe da farantin ƙarfe mai kauri. Amma in guduma tana shigewa a wuri biyar ko shida, to Malam ka tsaya nan. Kada ka sayar da shanunka.

Birki. Galibin tsofaffin nan layin birkinsu ɗaya ne, in bututu guda ya fashe duk ƙafa huɗu sun tafi. A canja robobin birki da bututan roba gaba ɗaya, ko da a ido suna da kyau, domin zaman banza na busar da su. Man birki na gaskiya za a zuba, mai lamba DOT 3 ko DOT 4. Baƙin mai yana kumbura robobin, ruwan sabulu kuma da wasu ke zubawa ganganci ne da rayukan mutane. Birkin hannunta yana kama farfela ne a bayan giya, don haka ba a jan sa mota na tafiya.

Inji. Kada ka ɗaura batir ka murza makulli. Ka cire fulogi huɗun, ka ɗiga baƙin mai kamar cokali biyu a kowane rami, ka bar shi kwana uku. Sannan ka sa hannun wani ta gaba ka juya a hankali. In ya juya, madalla. A zubar da tsohon fetur a wanke tanki, a juye baƙin mai a zuba sabo mai lamba 20W-50 tare da sabuwar matata. Ga lambobin da za ka riƙe wa bakanike, na injin fetur mai lita 2 da kwata, wanda shi ne ya fi yawa: tazarar bawul milimita 0.25, tazarar kwantak tsakanin 0.35 da 0.40, tazarar fulogi tsakanin 0.75 da 0.80, jerin wuta kuma 1-3-4-2. In an sake wayoyin fulogi aka saɓa wannan jeri, sai ta yi ta tari da harbi ta salansa, a ɗora wa kafireta laifi a banza.

Kafin a ɗaura batir a duba wane kai ne ke haɗe da jikin mota. Waɗanda aka yi kafin 1967 kan da ke da alamar tarawa ne ke zuwa sasi, akasin motocin yanzu. Yaron gareji da bai san haka ba zai iya ƙona maka kayan caji cikin minti guda. Yawancin ciwon wayarin Lucas kuwa datti ne da tsatsa a mahaɗa. A goge su su yi haske kafin a ce za a yanke waya.

Wani abin da ke lalata motocin nan shi ne sifana. Notinansu da inci aka auna su. Notin rabin inci milimita 12.7 ne, sifana mai lamba 13 za ta shiga amma da sako-sako, ana matsawa sai kan notin ya murje, daga nan sai kurfi da guduma. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ka nemi tsohon bakanike wanda ya san ta, mai sifanun inci, ko da zai kai ka Katsina. Kayan gyara kuma a tambaya a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kuma a tafi da tsohon a gwada.

Akwai kuma batun fetur. An yi injinan nan ne a zamanin fetur mai dalma, wadda ke kare mazaunin bawul. Yanzu babu irinsa, ƙasar Aljeriya ce ta ƙarshe da ta daina sayarwa a 2021. In kana tafiyar ƙauye a hankali ba za ka ga illa da wuri ba. Amma a riƙa auna tazarar bawul, in ta ɓangaren hayaƙi tana yawan tsukewa, to mazaunin na cinyewa, sai an kai kan injin a dasa masa mazauni mai tauri.

In Allah Ya sa ta tashi, ga abin da za ka lizimta. Matatar iskarta tukunya ce mai baƙin mai a gindi, da hunturu a wanke ta a sake man duk mako in ana bin ƙura. A lagireto a zuba ruwan sama da aka tace, don ruwan wasu rijiyoyin na barin farin ƙasa yana toshe shi. Giya, da ƙaramar giya, da aksil biyu, da ƙwallayen da tayoyin gaba ke juyawa a kai, duk man giya mai lamba 90 suke sha, kuma duk suna yoyo, a duba su duk wata. Jan liba da maɓallin nan ruwan ɗorawa na sa ƙafa huɗu su ja. Na yashi ne da laka, irin mashigin rafi ko hanyoyin gonakin bakin madatsar Zobe. Da ka hau kwalta ka fitar da su, in ba haka ba shaf ɗin baya zai karye.

Saura lissafi, kai ɗan kasuwa ne. Injin fetur ɗin nan bai cika wuce kilomita 6 zuwa 7 a lita guda ba. Tafiyar kilomita 60, zuwa da komowa, kusan lita 10 ke nan, kuma ka san yadda fetur ya koma tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. Galibin dogayen ba a yi su don ɗaukar tan guda cikakke ba, watau ƙasa da buhu 10 masu kilo 100, gajerar kuwa wajen rabin haka. Ka raba kuɗin mai a kan buhunan, ka gwada da abin da kake biyan motar haya. A kan kwalta da wuya ta ci riba. Amfaninta na inda sauran motoci ke tsayawa, watau fito da amfanin gona daga lungu da damina, ko kai mai naƙuda asibiti da dare.

Saboda haka shawararmu ita ce, in sasi na da lafiya, kada ka ba 'yan gwangwan, domin da tsohuwar zuma ake magani. Ka ɗora ta a kan duwatsu tayoyi su bar ƙasa, ka yi mata rumfa, ka riƙa gyara kaɗan-kaɗan daga ribar kaka. In sasi ya tafi, a sayar da inji da giya da aksil daban-daban ga masu irinta, sun fi kuɗi a haka bisa a auna su a sikeli. Ko ta wane hali, shanun huɗa su tsaya a turkensu, su ne ke ciyar da gida.

Wanda ke da tambaya a kan tsohuwar Bedford ko tarakta, ya aiko mana, za mu duba a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa albarka a abin da ya bari. Wassalam.