Ɗalibai da Wuraren Gado na Haɗeja

Shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973, yana fitar da ɗalibi daga aji na wasu watanni don ya san makamar aiki. A ƙasar Haɗeja, wuraren gado sun dace ƙwarai da irin wannan horo.

A cikin gari akwai ragowar ganuwa da fadar sarki, ga kuma tarihin yaƙin 1906 da Turawan Ingila, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. A ƙaramar hukumar Kirikasamma akwai dausayin Baturiya, wanda ya shiga jerin Ramsar na wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya a 2008, masaukin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu.

Binciken ɗalibi a nan tambaya ce da saurare: me dattawa suka riƙe, me 'yan makaranta suka sani, wane bayani ke shiga kunnen masunci ko makiyayi. Dausayin ya fi wuyar bayani. Madatsun Tiga da Challawa sun sauya yanayin ambaliya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, kuma manomin da ta cinye wa gona ba zancen tsuntsu yake son ji da farko ba.