Kaɗaici da duka a gidan aure: yadda ɗaya ke ciyar da ɗaya a arewacin Ghana

A zangunan Bawku, Yendi da Salaga, da ƙauyukan gundumar Binduri, ba baƙon abu ba ne a kai amarya garin da ba ta da kowa. Idan zama ya yi daɗi, maƙwabta sukan zame mata dangi. Idan kuwa mijin mai duka ne, nisan nan shi ne makaminsa na farko.

Masana halayyar ɗan Adam sun lura da wasu ɗabi'u da kan yawaita ga masu cin zarafin iyali: kishi mai tsanani, yawan zargi, saurin fushi da tsoron kada a guje su. Irin wannan miji yakan fara da hana matarsa zuwa biki da suna, ya karɓe wayarta, ya tsayar da sana'arta. Duka yakan biyo baya, lokacin da babu sauran mai ganin tabo. Waɗannan ɗabi'u ba uzuri ba ne, domin da yawa masu fama da damuwa ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba.

Ita kuma matar, fargaba da rashin barci sukan sa ta yi shiru ko ta riƙa faɗa. Sai a ce halinta ya canza, ƙawaye su ja baya, kaɗaicin ya ƙaru. A Bawku, dokar hana fita da aka yi ta sabuntawa saboda rikicin sarauta ta ƙara rage ziyarar da kan tona irin wannan asiri.

Dokar Ghana ta 2007, mai lamba 732, ba duka kaɗai ta haramta ba. Ta haɗa da barazana, zagi mai karya zuciya da danne wa mutum dukiyarsa. Sashen 'yan sanda na DOVVSU ne ke karɓar ƙorafi, kuma wanda ya san abin da ke faruwa na iya kai rahoto, ba sai wadda aka cuta ba.

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati, Accra, Pantang da Ankaful, duk suna kudu. Saboda haka a arewa, taimakon farko yana hannun ma'aikatan jinya na kusa, limamai, sarakunan zango da maƙwabta. Matar da aka daina gani a taro tana buƙatar a leƙa ta, a saurare ta ita kaɗai, kafin a ce mata ta yi haƙuri.