Awon Mutane Cikin Tarago

Ya 'yan'uwa malamai da fatake, ku da kuka san mudu da tiya, yau maganarmu a kan wani awo ne dabam, wato awon mutane cikin taragon jirgin ƙasa.

Mu mutanen Haɗejiya, tasharmu ita ce Malam Madori, bisa dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru cikin 1930. Galibi domin gyaɗa aka shimfiɗa shi, buhu kuwa a kan sikeli ake sanin nauyinsa. To, mutum fa? Mai fito a kogin Haɗejiya, in ruwa ya cika fadama, yakan dubi bakin kwalekwalensa. Da ya ga ruwa ya matso, sai ya ce ya isa haka. Tarago ba ya nutsewa, saboda haka ba abin da ke tsawatarwa.

Mutanen Japan sun yi wa abin lissafi. Kowane tarago da adadin da aka ƙayyade masa, na zaune da na tsaye, shi suke kira 100. Sa'an nan su zaɓi sa'a ɗaya wadda ta fi cika da safe, da tsakanin tashoshi biyu inda matsi ya fi tsanani, can suke auna fasinja. Nan hikimar take, gama in an gama na safe da na tsakar rana aka raba, lissafi zai fito da sauƙi alhali jama'a sun sha wuya. In awo ya kai 200, matsi ya yi ƙarfi. A 250 mutum ba ya iya ko motsa hannu. Hanyar Tozai ta birnin Tokyo ta kai 199 cikin 2018. A Mumbai ta Indiya kuwa an lissafa mutum 14 zuwa 16 tsaye cikin murabba'in mita ɗaya, filin da bai kai buzun salla biyu ba. Allah Ya kiyaye!

Cikin 2021 aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. A ganina, wanda zai auna mana kada ya kwafi agogon Tokyo. Cikarmu ranar kasuwa ce, da jajiberen salla, da kaka in almajirai sun tashi ci-rani. Ya kuma lissafa da kaya, domin kwandon bandar kifi na farke ɗaya yakan ci wurin mutum biyu.