Firinta mai tankin tawada

Firinta mai tankin tawada wani nau'i ne na firinta mai fesa tawada, wadda ke jan tawadarta daga ƙananan tankuna ta cikin siraran tiyo, maimakon katirij da ake cirewa a sayi sabo idan ya ƙare. Masu gyara sun fi sanin tsarin da gajeren sunansa, CISS. A garuruwa irin su Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina, masu shagon hoto da na kwamfuta suna amfani da ita wajen buga hoton fasfo na rajistar makaranta da neman aiki, da hotunan biki da na suna.

Tarihi

Da farko masu gyara ne ke haɗa tankin da hannu, su jona shi da firintar da aka ƙera don katirij. A watan Oktoba na 2010 kamfanin Epson ya fitar da L100 da L200 a ƙasar Indunusiya, waɗanda suka zo da tankinsu tun daga masana'anta. Canon ya biyo baya a 2015 da jerin PIXMA G, daga baya HP ma ya shiga. Saboda haka iri biyu ne a kasuwa: na masana'anta da na haɗi. Yawancin ƙorafin da ake yi wa tsarin, daga na haɗi yake fitowa.

Bambancinsa da katirij

Katirij yana ɗaukar tawada kaɗan, shi ya sa mai buga hoto kullum ba ya jimawa bai koma kasuwa ba. Kwalbar tawadar Epson L805 kuwa mililita 70 ce, kuma firintar tana aiki da kala 6, ciki har da shuɗi mai haske da ja mai haske, waɗanda ke sa fatar fuska ta fito sumul. Ta fuskar kuɗi, tanki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ta fuskar ƙarko kuwa, maganar ta dogara ne a kan hed, wato ɓangaren da ke fesa tawadar ta ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. A yawancin ƙananan firintocin HP da Canon masu katirij biyu, hed ɗin a jikin katirij yake. Idan ya toshe, sabon katirij ya kashe maganar. A firintar Epson mai tanki hed ɗin a jikin injin yake, idan ya lalace sai an kai wa mai gyara, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Matsaloli

Babbar matsalar tanki ita ce iska. Da zarar ta shiga tiyo, hoto zai fara fitowa da zane-zane, ko wata kala ta ɓace, fuska ta koma kore-kore. A na haɗi, dole tankin ya zauna daidai da gindin firintar. Idan an ɗaga shi sama, tawada ta kwararo ta ɓata takarda. Idan an sauke shi ƙasa, ta koma baya iska ta maye gurbinta. Tiyon kuma yana kai da komo tare da hed, don haka yakan lanƙwashe ko ya maƙale idan ba a ɗaure shi da kyau ba.

Sai bushewa. Firintar da ta yi makonni ba a kunna ta ba, tawada kan daskare a bakin hed. Wanke hed ta cikin kwamfuta yana buɗe shi, amma yana cin tawada, yana kuma cika soson da ke tsotse ragowarta a cikin injin. Idan ma'aunin soson ya kai iyaka, firintar takan tsaya cik, ko da lafiyarta ƙalau.

A Batsari da Safana

Yanayin yankin yana ƙara wa waɗannan matsaloli ƙarfi. Busasshiyar iskar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana saurin busar da hed, ƙura kuma na bi ta ƙofar shaƙar iska ta tanki idan babu matata. Ɗaukewar wuta ma na da nata: idan wuta ta tafi ana tsakiyar bugu, hed ba ya komawa mazauninsa da ke rufe shi, sai ya kwana a buɗe. Wannan ya sa janareta ko sola ke da muhimmanci ga mai shago.

Gyara da ingantacciyar tawada sun fi samuwa a Katsina, ko Dutsin-Ma da ke kusa da Safana, kuma matsalar tsaro a yankin dajin Rugu ta sa ba kowane lokaci ake son hawa hanya ba. Firintar da ta tsaya a lokacin rajistar JAMB ko NECO tana iya jawo asarar kasuwar da ake jira duk shekara. Haɗa tawadar kamfani biyu a tanki ɗaya don neman arha yana daga cikin abubuwan da ke toshe hed.

Ga shagon da ke buga hoto kullum, tankin masana'anta ya fi dacewa, domin yawan aiki ne ke hana shi bushewa. Wanda kuwa sai jefi-jefi yake bugawa, kamar ofishin ƙaramar makaranta, katirij mai hed a jiki ya fi masa kwanciyar hankali duk da tsadarsa.